Matata Na So Ta Fitar da Yis Daga Gidan Mai Burodi

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki ajiye takardar nan a ƙasan sauran, domin lokaci ya matse ni. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Hannuna ya fi sabawa da kwaɓi a kan biro, in kin ga maganata ta yi gabas ta yi yamma ki yi haƙuri, haka take a cikin kaina.

Ni Kirista ne, mai gidan burodi. Sana'ar mahaifina ce, a cikinta na buɗe ido, a cikinta furfura ta same ni. Gidanmu da wurin aikin manne suke da juna, ƙofa ɗaya ce ta raba kicin ɗin matata da ɗakin kwaɓi, tanderu kuma yana can baya. Matata ina kiranta Manaja, domin duk wanda ya zo neman mai gidan burodi ita nake nuna masa, kuma ban yi ƙarya ba. 'Ya'yanmu duk sun girma sun kama gabansu, mu biyu muka rage kamar yadda muka fara.

Sai na gaya miki wani abu kafin ki gane damuwata. Muna amfani da yis na leda kamar kowa, amma akwai wani dunƙulallen burodi da aka san mu da shi, wanda ba ya yin daɗi sai da tsohon kwaɓi. Ɗan kwaɓi ne mai tsami da ake ragewa kullum, a ƙara masa fulawa da ruwa, ya kwana ya tashi, gobe a ɗiba a sake ragewa. Namu tun na mahaifina ne, bai taɓa yankewa ba. A gidanmu Tsohuwa ake ce masa. Tsohuwa ba ta son zafi, ɗakin kwaɓi kuwa wuta ne, shi ya sa take zaune cikin wata tukunyar ƙasa a kabad ɗin ƙasa na kicin, kusa da randa. Tun ranar da Manaja ta shigo gidan nan suke zaman lafiya da ita. In na yi tafiya ma ita ke ba ta fulawarta.

Surukata, mahaifiyar Manaja, a wurinmu ta yi ciwon ajalinta. Ta daɗe a kwance. Manaja ce wanka, ita ce juyi, ita ce ba da abinci a baki, ba ta yarda kowa ya karɓe ta ba. Da Ubangiji ya kira surukar tawa, sai na ga kamar an tafi da rabin matata. Ba ta kuka, da ma kukan ta yi. Sai ta shiga ɗakin mamarta ta zauna a bakin gado tana ninke zannuwan da ta riga ta ninke. Macen da in na shigo da fulawa a gira take cewa ga fatalwa ta zo cin abinci, ta koma in na yi mata wasa sai ta ce "to". Na kai ta wurin likita, ya ce jikinta lafiya lau. Na yi addu'a har na rasa me zan ƙara faɗa wa Allah.

Wata maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ta ja ta zuwa wani aji. Wata ƙungiyar koyarwa ce ta Kirista, suna haya a saman wani kantin magani, kujerun roba da allo da wani babban zane na watannin shekara. Wani dattijo ne da matarsa ke koyarwa duk ranar Alhamis da yamma. Abin da suke nazari shi ne idodin da ke cikin Tsohon Alkawari, yadda aka ba Isra'ilawa su, yadda Yahudawa ke kiyaye su har yau, da abin da suke nuna mana game da Almasihu. Ba sa hana kowa zuwa cocinsa. Ni dai na ce ta je, ko iska ta sha.

Gwaggo, gani ya kori ji. Mako uku ba a yi ba Manaja ta nemo tabaranta da ta jefar a durowa. Ina cikin auna fulawa za ta leƙo ta ƙofar nan da Littafi Mai Tsarki a hannu tana cewa, "Baban yara, ka san kuwa akwai idin da ake busa ƙaho?" Ta aro ƙahon rago daga ajin ta zo tana koyo a tsakar gida. Ƙarar kamar ɗan maraƙin da ya ɓace wa uwarsa, har karen maƙwabta yana amsa mata. Ma'aikatana suna ƙunshe dariya, ni kuwa a kunnena ya fi kowace waƙa.

Da Idin Bukkoki ya zo ta ce in yi mata bukka. Na ɗebo dogayen itatuwa daga na tanderu na kafa, na zagaye da buhunan fulawa, na ɗora rassa a sama yadda ta ce, wai sai ana hango sararin sama ta tsakaninsu. Muka kai tabarma muka zauna cin abinci. Ba mu yi loma biyar ba ruwa ya sauko, yana ɗiga kai tsaye cikin miya. Na ɗaga kwano ina neman inda ba ya yoyo, babu. Sai na ji Manaja ta fashe da dariya, irin wadda take riƙe ciki har hawaye. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin mamarta ta kwanta. A ranar na sa wa ajin nan albarka da mai ɗinki da dattijon da ban taɓa gani ba.

To yanzu ga inda gizo ke saƙa. Idin Ƙetarewa ya gabato, da kwana bakwai na abinci marar yisti da ke biye da shi. (Ni yis na sani, ita ce yanzu take cewa yisti kamar yadda yake a rubuce.) Ta ce a wannan idin Yahudawa sukan share gida tas, kada a bar ko ɓurɓushin abin da ya tashi, don tunawa da yadda kakanninsu suka fita daga bauta da gaggawa, kwaɓinsu bai samu ya kumbura ba. Ta fara shara. Ta kakkaɓe kujeru, ta juye aljihunan rigunana, ta zazzage jakar zuwa coci. Neman ɓurɓushin burodi a gidan mai burodi, Gwaggo! Ni kaina ai ɓurɓushi ne. Na yi ta taya ta ina tsokanarta, har na ce ta haɗa da ni ta kai bola.

Ranar Litinin ta makon jiya muna karyawa sai ta ce tana da roƙo. In zai yiwu, tanderu ya huta na kwana bakwai ɗin. In ba zai yiwu ba, to aƙalla Tsohuwa ta bar mata kicin. Ta ci gaba da bayani fuskarta na haske, wai malaminsu ya ce yisti hoton zunubi ne, ɗan kaɗan ke shiga ya kumbura mutum da girman kai, shi ya sa ake fitar da shi. Na san ba da wata manufa ta faɗa ba, darasi take maimaitawa kamar ɗalibar da ta ci jarrabawa. Amma ni abin da kunnena ya ji daban. A raina na ga marigayi mahaifina tsaye gaban tanderu da tsumma a kafaɗa. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Ashe ni da ubana zunubi muke ta sayar wa mutane? To da wannan zunubin aka yi jinyar mamanki."

Ta ajiye kofin shayinta a hankali. Ta ce, "Gaskiya ne, Baban yara. Na gode." Ta tashi ta shiga ɗakin mamarta.

Magana zarar bunu. Tun ranar ba ta ɗaga mini murya ba, da ma ta zage ni. Abincina yana zuwa a kan lokaci, kayana a wanke. Amma ta mayar da ƙahon, ta daina sharar, Alhamis ta zo ta wuce ba ta je aji ba. Jiya na leƙa na same ta a bakin gadon nan da zannuwan nan.

Wani abin da ya ƙara kashe mini jiki, mai ɗinki ta tare ni a bakin shago ta ce ai Manaja ta riga ta yi wa 'yan ajinsu alkawari cewa mijinta ne zai gasa musu gurasa marar yisti ta cin abincin idin. Wai har da bugun ƙirji, tana cewa duk garin nan babu wanda fulawa ke jin maganarsa kamar mijinta. Ban san ta faɗi haka ba. Da ma'aikata suka tashi da yamma na gwada a ɓoye, fulawa da ruwa kawai. Na farko ya fito kamar tayil, in aka jefi mutum da shi sai asibiti. Na biyu ya ƙone. Na uku ana iya ci. Yana nan na rufe a gwangwani, na rasa da wane ido zan kai mata.

Kada ki ɗauka taurin kai ne kawai. Tanderun nan ba ni kaɗai nake ci da shi ba. Akwai ma'aikata masu iyali, akwai kantin asibiti da wata makaranta da muke kai wa kullum, kuma mai saye in ya saba da wata ƙofa ba ya dawowa. Tsohuwa kuma in ta yi kwana biyu a zafin ɗakin kwaɓi ta lalace, abin da mahaifina ya bar mini ke nan, ban gaji fili ko mota ba. Ga wani dattijon cocinmu yana ta ja mini kunne, wai irin waɗannan azuzuwan da daɗi suke farawa, ƙarshe su mayar da mutum ƙarƙashin shari'ar da Almasihu ya 'yantar da mu daga gare ta. Yau yis, gobe a ce kada a yi aiki ran Asabar, ranar da na fi ciniki. Yayana kuwa cewa ya yi in hana ta zuwa kawai a huta. Ni kuma in na tuna dariyar nan cikin bukka sai in ji ba zan iya ba.

Ya zan yi, Gwaggo? In kashe tanderu in samu matata, ko in riƙe sana'ata in zuba ido tana komawa inda ta fito? Ajin nan alheri ne ko in ji tsoronsa? Idin saura ƙasa da mako biyu.

Naku,
Mai Burodin da Kwaɓinsa Ya Ƙi Tashi

*

Ɗan'uwana Mai Burodi,

Na karanta takardarka na yi dariya a wurin ƙaho, na yi shiru a wurin kofin shayi. Ka kwantar da hankalinka. Mutumin da ya zagaye bukka da buhunan fulawa don matarsa ta yi murmushi, da matar da ke yabon mijinta a bayan idonsa, aurensu ba ya cikin haɗari. Harshe da haƙori ne suka saɓa. Amma ka haɗa matsaloli biyu ka cure su wuri guda, shi ya sa suka yi maka nauyi. Bari mu raba su.

Ta farko ba ta da alaƙa da yis ko kaɗan. Ka taɓa ta a inda ciwon bai warke ba. Shekarun da ta yi tana juya mahaifiyarta a gado, ka mayar mata da su kamar alfarmar da ka yi mata, alhali na tabbata lokacin da kake yi ba ka ɗauke shi alfarma ba. Wannan haƙuri za ka ba ta, yau, kafin ka gama karanta jaridar nan in da hali. Ka shiga ɗakin, ka zauna kusa da ita, ka ce abin da ka faɗa ba daidai ba ne, kuma jinyar Mama ba ka taɓa ganinta nauyi ba. Kada ka sa "amma" a ciki. Kada ka kawo zancen tanderu a wannan zaman. In ta yi kuka ka bar ta ta yi, ka ce da kanka ba ta yi shi ba tun rasuwar. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wa Manaja.

Sai bayan wannan ya kwanta za ku zo kan ta biyu, kuma a nan kana da gaskiyarka. Ita ma ta yi kuskure, ko da yake na ɗoki ne. Misalin da ya yi daɗi a kan allo, in aka kawo shi teburin mutumin da shi da ubansa suka ci abinci da wannan abin, dole a tauna shi kafin a furta. Ka gaya mata a hankali abin da ka gaya mini, cewa mahaifinka ka gani a lokacin. Ina kyautata zaton ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba, kuma in ta ji zai dame ta fiye da yadda kake so.

Tanderu kada ka kashe shi. Marasa lafiya a asibiti da yara a makaranta ba su shiga ajin ba, iyalan ma'aikatanka ma haka. Nazarin idodin nan abu ne mai kyau, yana buɗe wa mai bi ido ya ga tushen abin da yake karantawa. Amma a bangaskiyarku darasi ne, ba doka ba ce a wuyanku. Yahudawa da aka ba su idin suna da malamansu da hanyoyinsu da suka gada, abin girmamawa ne, ku kuwa masu koyo ne daga bakin ƙofa. Kada a fi mai kora shafawa. Ka lura kuma, ita kanta ba ta kafe a kan tanderun ba, "in zai yiwu" ta ce. Abin da take so da gaske shi ne kicin ɗinta.

To ka ba ta kicin ɗin. Allah ya riga ya yi muku ƙofa a tsakani, ku rufe ta na kwana bakwai. Can naka ne da yis ɗinka, nan nata ne da shararta. Ka ci burodinka a wurin aiki, ka kakkaɓe jikinka, ka zagayo ta ƙofar gida kamar baƙon kirki. Tsohuwa kuma ba kabad ne ya raya ta ba, hannun da ke ba ta fulawa ne. Ka nema mata wuri mai sanyi na mako guda. Gidan yayanka ma ya isa, tunda yana da bakin ba da shawara, sai ya ba da ɗan gefen randa. Ka riƙa zuwa kana duba ta. In zuciyarka ba ta kwanta ba, raba ta biyu ka ajiye a wuri biyu. Kuma ka bari Manaja ta ɗauki tukunyar da hannunta ku kai tare, don ta san rakiya ce aka yi mata, ba kora ba.

Shawarar yayanka ta hana ta zuwa, ka bar ta inda ka ji ta. Wurin da ya dawo maka da matarka ba a rufe shi da fushi. Amma dattijon cocinku bai yi maganar banza ba, akwai ƙungiyoyin da sukan fara da koyarwa su ƙare da ɗaura wa mutane kaya. Maganin wannan ba zargi daga nesa ba ne. Ranar Alhamis ka wanke girarka, ka ce mata ta shirya kai za ka raka ta. Ka zauna a kujerar robar nan ka saurara. In an tashi ka gaida malamin, ka gaya masa sana'arka, ka tambaye shi gaba da gaba ko abin da yake koyarwa wajibi ne ko darasi. In ya ce darasi ne, ya yi murna da ganin mai burodi a ajinsa, to hankalinka ya kwanta, har ka gayyaci dattijon naku ya zo ya gani da idonsa. In kuwa ya ce sai ka rufe shago kafin Allah ya karɓe ka, ko ya fara kushe cocinku, sai ku je wurin fastonku ku biyu ku zauna. Daga abin da ka bayyana, na fi zaton na farkon za ka tarar.

Gurasar da ka ɓoye a gwangwani, ba zan koya wa mai burodi gashi ba. Abin da zan ce kawai, kada ka kai mata ita a matsayin cin hanci kafin ka ba da haƙuri. Bayan kun shirya ka fito da ita, har da mai kama da tayil ɗin in ba ka zubar ba, ka ce ta ɗanɗana ta gaya maka yadda malaminsu ya ce take. Ka bar ta ta yi maka gyara. Macen da ta yi shekaru ana bukatarta dare da rana, ranar da aka daina bukatarta ne ta shiga ɗaki ta rufe. Ka nuna mata akwai aikin da ba zai yiwu ba sai da ita.

Kada kuma ka ɗora wa ajin nan dukan nauyin warkar da ita. Ka riƙa yi mata hirar mamarta, ka kira 'ya'yanku su riƙa leƙowa da waya da ƙafa. In shirun ya dawo ya daɗe duk da haka, ku koma wurin likita, wannan karon ka gaya masa zancen zannuwan, ba na jiki kaɗai ba.

Abu na ƙarshe, kuma ina so ka tambayi Manaja ta nuna maka shi da kanta a cikin Littafin. Mako bakwai bayan wannan idin akwai wani, Idin Makonni, na godiya saboda girbi. A cikinsa an umarci jama'a su kawo dunƙulen burodi biyu a gaban Ubangiji, kuma an faɗa ƙarara cewa da yisti za a gasa su. Ka ga ashe ba a manta da irinku ba. Ka yi haƙuri da kwana bakwai nata, naka idin yana tafe, kuma ina jin 'yan ajin nan sun riga sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Allah ya sanyaya zuciyar Manaja, ya sa albarka a tanderunka, ya bar ku tare har tsufa ya yi muku daɗi.

Taku,
Gwaggo